Zaɓen Ƙwaƙwalwar Aiki ga Kwamfutar Nazarin Ƙasar Adar

1. Gabatarwa

An soma dashen itatuwan kare iska a kwarin Majiya, gundumar Buza, a 1975. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita kuwa, bisa tallafin Italiya, ya fara a 1984. Mai nazarin da ke son auna sakamakonsu yakan dogara ga hotunan tauraron Landsat, waɗanda ake samu kyauta tun 2008. Hotunan suna da nauyi, saboda haka idan ɗalibi zai harhaɗa kwamfutar tebur da kansa, wajibi ne ya kula da ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM.

2. Iri

Babban allon kwamfutar shi ke ƙayyade iri. Sandar DDR3 tana da haƙora 240, DDR4 tana da 288. DDR5 ma 288 gare ta, amma tsagarta tana wani wuri dabam. Babu wadda ke shiga gurbin wata, wanda ya sayo kuskure ya yi asarar kuɗinsa.

3. Yawa

Giga 8 sun isa rubutu da lissafi, amma jera hotunan shekaru da yawa yana buƙatar 16. Windows mai bit 32 ba ya amfani da fiye da giga 4. Sanda biyu iri ɗaya, a guraben da littafin allon ya nuna, sun fi guda ɗaya sauri.

4. Kammalawa

A gwada tsohuwar sanda da MemTest86 kafin a biya. Sannan mai aiki a Madawa ko Keita ya riƙa adana aikinsa a kai a kai, domin da zarar wuta ta ɗauke, abin da ke cikin RAM ya tafi.