Yadda ɗakunan gwaji ke gano gubar fumfuna a abincin dabbobi

A unguwannin cikin garin Bauchi irin su Ɗan Iya, masu kiwon tumaki da awaki da shanu a gida sun dogara ne ga abincin da suke saye su ajiye, kamar harawa da dusa da tunkuzar gyaɗa. Idan danshi ya shiga wannan abinci, musamman da damina, fumfuna kan kama shi, kuma wani nau'inta mai suna Aspergillus flavus na fitar da gubar da ake kira aflatoksin.

Duniya ta san wannan guba ne a shekarar 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil. Gubar tana lalata hanta, tana rage ƙiba da yawan nono. Idan saniya ta ci nau'in B1, jikinta kan mayar da shi nau'in M1, wanda ke fitowa a cikin nono, kuma tafasa nonon ba ya kashe shi. Hukumar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aflatoksin cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

Gubar ba ta da wari ko ɗanɗano, kuma tana iya zama a cikin abinci ko da fumfunar ta bushe ta ɓace wa ido. Shi ya sa ɗakin gwaji ne kaɗai ke iya tabbatar da ita.

Aikin yana farawa ne daga ɗibar samfuri, kuma a nan aka fi yin kuskure. Gubar ba ta bazuwa daidai a cikin buhu, domin ƙwayoyi kaɗan na iya ɗauke da mafi yawanta. Saboda haka ake ɗiba daga buhuna da dama, sama da tsakiya da ƙasa, a haɗa a niƙe, sannan a jiƙa garin a ruwa mai haɗe da sinadarin metanol domin ya tsotso gubar, a tace.

Gwaji mafi sauri shi ne na tsinke, mai kama da na gwajin zazzaɓin cizon sauro: a tsoma shi cikin ruwan da aka tace, layi ya bayyana cikin mintuna. Sai gwajin ELISA, wanda ke amfani da sinadaran garkuwar jiki masu kama gubar, inda sauyin launi ke nuna yawanta. Duka biyun na tantancewar farko ne.

Akwai kuma tsohuwar hanyar TLC, inda ake ɗiga samfurin a kan faranti na musamman, a haska shi da fitilar ultrabayolet. Wasu nau'ukan gubar kan yi shuɗi, wasu kore, kuma daga nan aka samo sunayen B da G.

Domin tabbatarwa, ana amfani da na'urar HPLC, wadda ke rarrabe nau'ukan ta auna kowanne, ko LC-MS/MS, mai iya gano gubobi da dama a lokaci guda, har da fumonisin da ke addabar masara. Na'urorin suna da tsada, suna buƙatar ƙwararru da wutar lantarki marar yankewa. A Nijeriya, hukumar NAFDAC na gudanar da irin wannan gwaji a ɗakinta da ke Oshodi, Legas.

Ana bayyana sakamako da mikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Amurka ta ƙayyade mikirogiram 20 a kowane kilo na abincin shanun tatsa. A nono kuwa, Tarayyar Turai ba ta amincewa da abin da ya wuce 0.05.

Da yake gubar ba ta fita cikin sauƙi, rigakafi ya fi magani. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gonar masara da gyaɗa domin rage gubar tun daga tushe. Mai kiwo kuma ya busar da harawa sosai, ya ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, ya kuma guji sayen dusar da ta dunƙule, komai arharta.