FASHIN BAƘI: Kundin ɓarakar manhajoji da duniya ke dogaro da shi, da yadda ya kusa rasa mai ɗaukar nauyinsa

Ranar 15 ga Afrilu, 2025, wata gajeriyar wasiƙa ta ɓulla a shafukan sada zumunta, ɗauke da sa hannun Yosry Barsoum, ɗaya daga cikin mataimakan shugaban cibiyar bincike ta MITRE da ke Amurka. Wasiƙar tana sanar da 'yan kwamitin da ke kula da shirin CVE cewa kwantiragin da gwamnatin Amurka ke biya domin tafiyar da shirin zai ƙare washegari, kuma ba a sabunta shi ba. Nan take hankalin ma'aikatan tsaron intanet ya tashi a nahiyoyi da dama, har wasu suka shiga kwafar kundin gaba ɗayansa suna ajiyewa, gudun kada a wayi gari a tarar an rufe shi. Sai a sa'o'in ƙarshe hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta sanar cewa ta tsawaita kwantiragin da wata 11.

Mafi yawan masu riƙe da wayar zamani ba su taɓa jin sunan CVE ba. Amma idan waya ta nemi a sabunta manhajarta, ko banki ya dakatar da hidimarsa cikin dare domin gyara, sau da yawa wata lamba daga wannan kundi ce sanadi. A cikinsa duniya ke rubuta ɓarakar manhajojin kwamfuta, kuma abin da ya faru a watan Afrilu ya nuna cewa nauyinsa na rataye ne a wuyan gwamnati guda.

Lamba ɗaya ga kowace ɓaraka

Manhaja umarni ce da mutane suka rubuta wa na'ura, wani lokacin layi miliyoyi, don haka ba ta rasa kuskure. Yawancin kurakuran ba su wuce su sa manhaja ta daskare ba. Wasu kuwa kafa suke buɗewa, ta yadda wanda ba shi da izini zai iya karanta bayanan wasu, ko ya ƙwace ikon na'urar baki ɗaya daga wata ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma irin wannan tsagar masu kutse ke nema dare da rana.

Kafin 1999 kowane kamfanin tsaro yana kiran ɓaraka da sunan da ya ga dama. Ma'aikacin da ke amfani da kayan bincike na kamfanoni uku ba zai iya tantance ko matsala uku yake da su ko matsala ɗaya ce mai suna uku ba. Ma'aikatan MITRE biyu, David Mann da Steven Christey, suka kawo shawarar a riƙa bai wa kowace ɓaraka lamba guda da kowa zai yarda da ita. A watan Satumba na shekarar aka buɗe kundin da lambobi 321.

Tsarin lambar mai sauƙi ne: haruffan CVE, sai shekara, sai lambar jeri, kamar CVE-2021-44228. Da farko gurbi huɗu aka ware wa lambar jerin, domin ba a zaci za a wuce 9,999 a shekara ba. A 2014 dole aka faɗaɗa shi. A 2024 kaɗai an wallafa sama da lambobi 40,000, wato fiye da 100 a kowace rana.

MITRE ba ita ke gano ɓarakar ba. Mai bincike ne kan gano, ya sanar da kamfanin da ya ƙera manhajar a asirce, a ba kamfanin lokaci ya haɗa faci (ƙungiyar Project Zero ta Google kwana 90 take bayarwa), sannan a wallafa lambar da bayaninta. Sama da kamfanoni da hukumomi 400 ke da izinin raba lambobin, ciki har da Microsoft da Apple da Google. MITRE ce ke riƙe da babban kundin da kowa ke zuba nasa a ciki.

Yadda ake tattara bayanan

Wanda ya ɗauka tattara waɗannan bayanai sauke fayil ɗaya ne daga intanet, zai sha mamaki. Kundin a buɗe yake, kyauta, kowa na iya kwafarsa daga shafin GitHub. Sai dai abin da ke ƙarƙashin kowace lamba sau da yawa jimloli ne biyu ko uku. Aikin mai nazari shi ne ya bi lambar zuwa wasu rumbuna, ya ɗinke abin da kowanne ya sani.

Zangon farko shi ne NVD, rumbun da hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, NIST, ta buɗe a 2005. Ma'aikatansa kan ɗauki lambar su ƙara mata sunayen kayayyaki da nau'o'in da matsalar ta shafa a tsarin da kwamfuta za ta iya karantawa, su kuma ba ta makin tsanani daga 0 zuwa 10. Na'urorin bincike na kamfanoni suna jan waɗannan bayanai kai tsaye ba tare da hannun mutum ba. Akwai ma iyaka: tambaya 5 cikin daƙiƙa 30 ga wanda bai yi rajista ba, 50 ga wanda ya yi.

Makin tsanani yana faɗin irin ɓarnar da za a iya yi, amma ba ya faɗin ko wani yana yin ta. Dubban lambobi suna da maki 9 zuwa sama, kuma babu ma'aikatar da ke da hannuwan toshe su duka a mako guda, alhali waɗanda masu kutse ke amfani da su a zahiri ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Wannan ya sa a watan Nuwamba na 2021 CISA ta buɗe wani gajeren jeri mai suna KEV, na ɓarakar da aka tabbatar ana kai hari ta cikinsu, ta kuma wajabta wa hukumomin gwamnatin tarayyar Amurka toshe su cikin wa'adi. Ya haura 1,000 a 2023. Akwai kuma ma'aunin EPSS na ƙungiyar FIRST, mai ƙiyasta yiwuwar a yi amfani da ɓaraka cikin kwana 30 masu zuwa.

Daga nan mai nazari ya leƙa sanarwar kamfanoni, da shafuka irin su Exploit-DB inda ake wallafa misalan yadda ake shiga ta kafar, da Shodan, injin da ke zagaya intanet yana lissafa na'urorin da ƙofofinsu ke buɗe. Lambar CVE ce zaren da ke haɗa waɗannan duka. Idan ta yanke, kowane rumbu zai koma magana da harshensa, kamar kafin 1999.

Ba kuma duk abin da ke cikin rumbun ake haɗiyewa ba. A watan Agusta na 2023 Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin da ya ƙirƙiro manhajar curl wadda ke cikin biliyoyin na'urori, ya tarar an buɗe wa manhajarsa lamba ba da saninsa ba, NVD ya ba ta maki 9.8, a kan wani tsohon kuskure da ya ce ba shi da alaƙa da tsaro. Bayan ce-ce-ku-ce aka rage makin zuwa 3.3.

Babbar matsalar ta zo a watan Fabrairu na 2024, lokacin da NVD ya rage aikin ƙara bayani ƙwarai, dubban lambobi suka taru ba maki, ba sunayen kayayyaki. Haɗarin a nan shiru ne: na'urar binciken da ba ta sami sunan kaya a rumbun ba, za ta iya nuna wa ma'aikaci cewa lafiya lau, alhali ɓarakar na nan. NIST ta ɗauki ɗan kwangila, CISA ta fara cike giɓin da kanta, amma tulin bai ƙare ba. A watan Afrilu na 2025 NVD ya sanar cewa ya jingine lambobin da aka wallafa kafin 2018, ba zai ƙara ba su fifiko ba.

Ɓarawo ma yana karantawa

Tambayar da kan zo a ran mai karatu ita ce, me ya sa za a shelanta wa duniya inda katanga ta tsage? Amsar masana ita ce masu kutse ba sa jiran sanarwa. Suna iya kwatanta manhaja kafin faci da bayan faci su gano abin da aka gyara, don haka ɓoyewa mai gadi kaɗai take bari cikin duhu. Amma gaskiya ne wallafawa tana buɗe tsere, kuma wanda ya yi nawa shi ke kwana ciki.

Kamfanin Equifax na Amurka, mai adana tarihin bashin jama'a, misali ne da ake koyarwa a aji. A farkon Maris na 2017 aka wallafa CVE-2017-5638 a manhajar Apache Struts tare da facinta. Sanarwar ta isa kamfanin, an ma rarraba ta ga ma'aikata, amma binciken cikin gida bai gano cewa wata tsohuwar na'urar karɓar ƙorafi tana amfani da manhajar ba. Masu kutse suka shiga a watan Mayu, suka yi kwana 76 suna ɗiba, suka tafi da bayanan mutum kusan miliyan 147. Bayanin ɓarakar na hannun kamfanin. Cikakken lissafin kayansa ne ba shi da shi.

Inda siyasa ta shigo

Kundin ya ƙunshi abin da aka yarda a bayyana ne kawai, kuma gwamnatoci na cikin masu ɓoyewa. Hukumar leƙen asiri ta Amurka, NSA, ta riƙe wata ɓaraka ta Windows a matsayin makami har aka sace mata shi, wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta watsa shi a watan Afrilu na 2017. Ranar 12 ga Mayu manhajar WannaCry, mai kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, ta bi ta wannan kafa ta afka wa ƙasashe kusan 150. A Ingila an ƙiyasta an soke ganin likita kusan sau 19,000. Microsoft ya fitar da facin tun watan Maris, asibitoci da dama ba su saka ba.

China ta bi wata hanyar. Tun 1 ga Satumba, 2021, dokarta ta wajabta wa kamfanoni su kai rahoton ɓarakar da suka gano a kayansu ga ma'aikatar masana'antu da fasahar sadarwa cikin kwana biyu. Wata uku bayan haka aka ga yadda take kallon lamarin. Wani injiniyan Alibaba Cloud, Chen Zhaojun, ya gano ɓarakar Log4Shell, mai maki 10 cif, ya sanar da gidauniyar Apache da ke kula da manhajar. Ma'aikatar ta dakatar da haɗin gwiwa da kamfanin na wata shida saboda bai kai mata rahoto a kan lokaci ba. Masu suka na ganin dokar tana bai wa jami'an leƙen asiri damar ganin kafa kafin a toshe ta.

Abin da ya shafi Najeriya

Bankuna, da na'urorin POS, da cibiyoyin jarrabawar JAMB, da ma'aikatun gwamnati a Najeriya suna aiki ne bisa manhajojin da mafi yawansu aka ƙera a waje. Ɓarakar da aka gano a Windows ko Android ta shafi Kano kamar yadda ta shafi Berlin. Cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da takwarorinta na NITDA da NCC, suna fitar da gargaɗi, kuma lambobin CVE ɗin nan su ne ƙashin bayan gargaɗin. Najeriya tana cin moriyar kundin da ba ta biya, ba ta kuma da ta-cewa kan makomarsa.

Doka ta ɗan motsa. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana bakwai zuwa sa'a 72, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya irin wannan wa'adi na sanar da hukumar NDPC. Dukkansu dai suna magana ne kan bayan ta faru. Tambayar da ta kamata 'yan majalisa su riƙa yi wa shugabannin hukumomi lokacin kare kasafin kuɗi ita ce wadda ta kayar da Equifax: shin hukumar tana da cikakken lissafin manhajojin da take amfani da su, kuma kwana nawa take ɗauka kafin ta saka faci? Kwamfutar da har yau ke kan Windows 7, wanda Microsoft ya daina yi wa faci na kyauta tun Janairu na 2020, babu gargaɗin da zai cece ta.

Akwai kuma batun matasan da ke koyon wannan sana'a. Karanta kundin da nazarinsa halas ne ga kowa, kuma ɗalibi mai kwamfuta da data zai iya farawa yau. Gwada ɓarakar a kan na'urar wani ba da izininsa ba kuwa na iya zama laifi a ƙarƙashin dokar laifukan intanet, ko da niyyar mai gwadawa ta alheri ce a ganinsa, domin sai ya gamsar da jami'an tsaro da kotu. Hukumar da ba ta da sananniyar hanyar karɓar rahoto daga masu bincike tana koya musu yin shiru ne, kuma ɓarakar da aka yi shiru a kanta ba ta shiga kowane kundi.

Turai ba ta jira an sake girgiza ta ba. A watan Mayu na 2025 hukumar tsaron intanet ta Tarayyar Turai, ENISA, ta buɗe nata rumbun mai suna EUVD, aikin da dokar tarayyar ta riga ta ɗora mata tun kafin wasiƙar. Wasu 'yan kwamitin CVE sun sanar da kafa gidauniya mai zaman kanta domin raba shirin da dogaro da aljihu ɗaya, cibiyar CIRCL ta Luxembourg kuma ta fito da tsarin raba lambobi da ba ya buƙatar uwa ɗaya. Sai dai rumbun na Turai shi ma yana jan kaso mai yawa na bayanansa daga CVE, kuma ƙarin wata 11 da CISA ta yi a 2025 iyakarsa watan Maris na 2026 ne.