Matashin da ba ya gani da ranar da ya biya kuɗi da hannunsa

Takardar naira 200 da ta 500 da ta 1,000 duk girmansu ɗaya ne. Mai ido ba ya ma lura da haka, amma matashin da ba ya gani a nan ciniki yake cije masa. Dabarar da ake koya masa ita ce ninki: wani ya faɗa masa kuɗin sau ɗaya, sai ya bar ta dubu a miƙe, ya ninke ta ɗari biyar gida biyu, ta ɗari biyu kuma gida huɗu. Ranar da ya je shagon unguwa ya sayo sabulu, ya zaro kuɗin daidai ba tare da an sa masa hannu a aljihu ba, ya cancanci a yi masa barka.

Sauran dabarun ma haka suke. Idan zai zuba ruwa, sai ya ɗan sa yatsa a bakin kofi don ya ji cikarsa. Farar sanda kuwa ana kaɗa ta dama da hagu, daidai faɗin kafaɗu, ta riga ƙafa taɓa rami ko kwata. Ƙarar injin niƙa da ƙamshin kaskon mai ƙosai suna gaya masa inda ya iso. A waya, manhajar TalkBack tana karanta masa abin da ke kan allo.

Koyarwar nan ta daɗe a ƙasarmu. Makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato ta buɗe tun 1953, ga kuma ta Tudun Maliki a Kano. Shi kansa rubutun makafi mai ɗigo shida, wani yaro makaho ne ɗan Faransa, Louis Braille, ya tsara shi a 1824 yana ɗan shekara 15.

Inda aikin ya fi yawan tsayawa shi ne gida, kuma ba don ƙiyayya ba. Tausayi ne. Yaro ya dawo hutu ya iya wanki da guga, uwa ta karɓe bokitin ta ce ya zauna kada ya ji ciwo. A haɗa shi da ƙaninsa a matsayin ɗan jagora, shi ya manta sanda, ƙanin ya rasa makaranta. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi tanadi a kan makarantu da gine-ginen jama'a, amma ba ta shiga tsakar gida.

Yabo mai amfani shi ne wanda ya kama sunan aikin: yau ka je masallaci kai kaɗai, yau kin dafa shayi ba a tsaya a kanki ba. Kada a auna shi da sa'o'insa masu gani, a auna shi da abin da bai iya ba watan jiya.

Iyaye, idan ya zubar da ruwan a karon farko, ku miƙa masa tsumma ya goge da kansa, sannan ku sake ba shi butar.