Bayani a Kan Lambar 2¹²⁷ − 1

A wannan maƙala mun laƙaba sunan gagara-raba ga duk lambar da ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da ita kanta. Wadda za mu duba ita ce 2¹²⁷ − 1, wato a jera biyu har 127, a ninka su da juna, a ɗebe ɗaya. Alƙalumanta 39 ne.

To, yaya aka tabbatar ba ta rabuwa? Gwaji ɗaya bayan ɗaya ba shi yiwuwa, domin sai an kai lamba mai alƙaluma 20. Amma Bafaranshe Edouard Lucas ya tabbatar da hannu a 1876, kuma ba a gano gagara-raba da ta fi ta girma ba sai 1951.

Ga hanyarsa, yadda Lehmer ya kyautata ta a 1930: a fara da 4, a ninka ta da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambarmu, a riƙe saura, a maimaita da shi. Sharaɗin shi ne saura ya zama sifiri a karo na 125, kuma haka yake zama.

Mu lura, 127 kanta 2⁷ − 1 ce, 7 kuwa 2³ − 1, 3 kuma 2² − 1, dukansu gagara-raba. Ko silsilar ta zarce lambarmu, har yanzu masana ba su warware ba.