Yaron da Ya Warke daga Ciwon Daji, Kada a Daina Kai Shi Asibiti

Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta da gubar dalma ta shekarar 2010 ba. Yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Waɗanda aka yi wa magani kuwa, likitoci sun ci gaba da auna jininsu bayan an sallame su. Haka ma ya kamata a yi wa yaron da ya warke daga ciwon daji.

Ciwon daji yana kama yara. Wani yakan zo da kumburin muƙamuƙi ko ciki. Wani yakan fara da farin ɗigo a ƙwayar ido. Akan tura irin waɗannan yara manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Da yawa suna warkewa idan an kai su da wuri.

To amma maganin yana da ƙarfi. Allurai da gashin na'ura suna kashe cutar, kuma sukan taɓa lafiyayyen nama. Saboda haka kaɗan daga cikin yaran sukan kamu da wani sabon ciwon daji daga baya. Na jini yakan bayyana cikin shekara 10 na farko. Na nono, ko wuya, ko ƙashi, yakan ɗauki shekara 10 ko 20, galibi a wurin da aka gasa.

Wannan ba dalilin gudun magani ba ne. Maganin shi ne ya ceci ran yaron.

Ga abin da iyaye za su yi:

1. A adana katin asibiti kamar takardar gona. Shi zai nuna irin maganin da aka sha.
2. A koma ranar da likita ya sa, ko da yaro yana wasa lafiya.
3. Idan ya girma, a gaya masa tarihinsa. Ya guji taba.
4. Yarinyar da aka gasa wa ƙirji ta fara gwajin nono tun tana kimanin shekara 25.

Idan an ga ƙullutu, ko rama, ko yawan zazzaɓi, ko jini daga dasashi, a je Babban Asibitin Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum da katin a hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.