GADO DA JURE WA BARASA: ABIN DA AKA GANO A JIKIN ƁERAYE

An daɗe da lura cewa mutum biyu sukan sha barasa mudu ɗaya, wani ya kife, wani kuwa ya tashi garau. Jama'a kan ce na biyun ƙarfi ne da shi. Masana ilmin gado sun nemi asalin wannan bambanci a jikin ɓeraye, domin ɓera yana hayayyafa da sauri, ana kuma iya zaɓa masa abokin barbara.

A 1959 Gerald McClearn da David Rodgers suka nuna cewa ɓerayen zuriyar C57BL, in an ajiye musu ruwa da barasa, barasar suke zaɓa, amma na zuriyar DBA gudunta suke yi. Daga baya, a Jami'ar Kolorado ta Amurka, McClearn ya shiga yi wa ɓeraye allurar barasa, yana kwantar da su rigingine, yana auna lokacin da kowanne zai ɗauka kafin ya juya bisa ƙafafunsa. Ya yi ta haɗa masu daɗewa da junansu, masu saurin tashi da junansu, har aka sami zuriya biyu. Ɗaya takan yi sa'a biyu a kwance, ɗayar kuwa mintoci kaɗan.

Sai aka auna jininsu. Ashe hantar masu saurin tashi ba ta fi ta sauran aiki ba. Suna farkawa ne alhali barasa na nan da yawa a jininsu. Watau bambancin a ƙwaƙwalwa yake.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da sinadarai, kowane sinadari da makarɓarsa, kamar mabuɗi da kwado. Sinadarin GABA shi ne mai kwantar da jijiyoyi, barasa kuwa tana ƙara wa makarɓarsa ƙarfi, sa'an nan ta danne makarɓar NMDA mai zaburar da su. Daga nan ne tangaɗi da barci ke zuwa. Ƙwayoyin gado su ke tsara ƙirar waɗannan makarɓai da yawansu.

Ba wai makarɓa ɗaya ce ke riƙe da al'amarin duka ba. A 1998 aka ga cewa ɓerayen da aka cire musu makarɓar dofamin ta D2 sun rage sha. A 2000 kuma aka nuna cewa waɗanda ba su da makarɓar da sinadaran dangin ofiyom ke kamawa, wadda ake kira miyu, ba sa wahalar da kansu neman barasa. Jure wa maye daban, sha'awar sha daban, kowanne da ƙwayoyin gado masu yawa a bayansa.

Ɓera dai ba mutum ba ne, amma binciken Marc Schuckit a kan samari a Kalifoniya ya zo daidai da wannan: waɗanda barasa ba ta saurin bugarwa sun fi faɗawa cikin jarabar sha bayan shekaru. Dalili kuwa, tangaɗi gargaɗi ne daga jiki. Wanda ya gaji ƙwaƙwalwar da ba ta jin gargaɗin da wuri yakan ci gaba da sha, alhali hantarsa tana ɗaukar nauyin kowane kurɓi daidai da ta kowa.