A Kankare Citta, Kada A Fere Ta

Da hunturu ya kama, ganyen citta ya yi ja ya kwanta, sai manoma su shiga haƙa. Citta mai yatsu takan yi wata 8 ko 9 a ƙasa kafin ta nuna sosai, watau wadda aka shuka a Afrilu ko Mayu ana tone ta daga wajen Disamba. To, daga nan ne wani aiki ke farawa wanda mutane da yawa suka raina, alhali kuwa shi ke sa mai saye ya taya da daraja ko ya taya a wulaƙance. Wannan aiki shi ne raba citta da ɓawonta.

Tun wajen 1927 aka soma noman citta don sayarwa ƙasashen waje a kudancin Lardin Zariya, inda a yau ake kira Kudancin Kaduna. Har yanzu ƙasashen Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a su ne gidanta. Iri biyu aka fi sani: Tafin Giwa, mai kauri mai rawayan ciki, da Yatsun Biri, siririya mai duhun ciki. A daminar 2023 cutar ruɓa ta faɗa wa gonakin citta na wannan yanki, mutane da yawa suka rasa amfani har da iri. Wanda ya ga wannan shekara ya san ba abin yarwa a jikin citta.

Inda ƙamshin yake

Ɓawon citta bai fi takarda kauri ba. Dab da shi, daga ciki, akwai waɗansu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, cike da mai, kuma wannan mai shi ne ƙamshin da ake sayen citta dominsa. Idan mutum ya ɗauki wuƙa ya fere ta kamar doya, sai ya kwashe ɓawo da tsoka da mai gaba ɗaya, ya zuba wa awaki. Hasara biyu ke nan, ga nauyi ya ragu a ma'auni, ga ƙamshi ya tafi. Har wa yau wuƙa ba ta shiga tsakanin yatsu, sai mai aiki ya gaji ya datse ƙananan ya yar. Wuƙar baƙin ƙarfe kuma takan bar baƙin tabo, balle in ta yi tsatsa.

Domin haka manoman ƙasar Kerala ta Indiya ba su fere citta, kankarewa suke yi da tsagin gora mai ɗan tsini. Babu abin da ya hana a yi haka a nan. Gora akwai ta a bakin rafi, ƙaramin cokalin shayi kuwa da wuya a rasa shi a gida. Na'urar fere dankali da ake sayarwa a kanti ba ta fi su ba, gama ita ma yanka take yi.

Yadda ake yi

Ran da aka haƙo citta, a ran nan za a yanke saiwoyi a wanke ƙasa, domin in ta sha iska ɓawon yakan manne. Sa'an nan a jiƙa ta cikin daro da ruwa mai tsabta ta kwana. Da safe a kakkarya yatsun daidai gaɓa, don a sami hanyar shiga lungu.

Mai kankara ya riƙe citta a hannun hagu, cokali a dama, cikin cokalin yana fuskantar cittar. Ya ɗora bakin cokali a kan ɓawo, ya jawo a hankali wajen kansa, kaɗan kaɗan. Ba a sa ƙarfi. Ɓawon zai riƙa naɗewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, tsokar kuwa ta tsaya sumul. A lungu sai a juya kan cokali, ko tsinin gora, a zaƙulo. In aka ga ruwa yana tsatsowa ko zare ya fito, hannu ya yi nauyi, a sassauta.

Kowace aka gama a jefa ta cikin wani ruwa dabam, kada a tara ta a ƙasa ta yi duhu. Kuma a kiyaye taɓa ido, musamman in yara suna taya aiki, don yajin yana kama hannu.

Wadda aka keɓe don iri kada a jiƙa ta, kada a kankare ta. Idanunta suna a kan ɓawo, in an goge su ba za ta tsiro ba.

Shanya

Bayan an ɗauraye, a baza ta a kan tabarma ko falalen dutse ko daɓen siminti, kada wata ta hau wata. Ban da shanya a tsurar ƙasa ko gefen titi. A riƙa juya ta, da yamma kuma a kwashe saboda raɓa. Da rana mai kyau takan bushe cikin kwana 7 zuwa 10. Alamar bushewa ita ce in an karya ta ta ce ƙas; wadda ta lanƙwasa da sauranta, in ko aka sa ta a buhu haka nan, sai fumfuna ta kama ta ta ɓata sauran. Kimanin kilo 5 na ɗanya ne ke ba da kilo 1 na busasshiya, saboda haka duk abin da wuƙa ta ci, an ci shi daga ɗan abin da zai rage.

Gaskiya ne kankara tana cin lokaci, shi ya sa yawancin cittar da ke fita daga Nijeriya tsaga ta ake yi a tsaye a shanya da ɓawonta. Wannan ba laifi ba ne. Manomin da ba shi da hannaye isassu gara ya wanke ta fes ya tsaga, da ya fere ta da gaggawa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ga uwargida

Mai dama kunun zaƙi ko haɗa zoɓo ko shayi, ita ma cokalin ya ishe ta. Ta karyi iyakar abin da za ta yi amfani da shi, ta bar saura da ɓawonsa a wuri mai sanyi, don kankararriya ba ta daɗewa. Sabuwar citta ta wata 5 ko 6 ma ba ta bukatar cokali, da an murza ta da tsumma mai tsabta ɓawon ya fita. Wadda za a markaɗa a tace kuwa, wanki mai kyau ya wadatar.

Mai shakka ya gwada da kansa bana. Ya auna citta kashi biyu daidai, ɗaya ya fere da wuƙa, ɗaya ya kankare da cokali, ya shanya su dabam dabam. In sun bushe ya sāke aunawa, ya karya ya sansana, kana ya kai wa mai saye ya ji tayinsa. Allah ya sa albarka a abin da aka noma, amin.